Ranar da Mai Ido Ya Dafa Jatan Landen Najiba

Wai kun taɓa jin mutumin da ya dafa dabba da ranta bai ma san ya dafa ba? To ku tsaya ku ji, wallahi abin nan ya faru a nan Guangzhou, a ɗakin Alhaji Alhasan Mai Ido, kuma na san za ku yi dariya amma abin ba na dariya ba ne, sunan mutum ne yake neman lalacewa a banza.

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen kaya kasuwar Shahe ya san shi. Dogo ne siriri, hularsa kullum a karkace, in yana tafiya kamar ana binsa. Ɗan Kano ne, a Kantin Kwari ya tashi yana ninke yadi a shagon kawunsa, daga nan ya biyo wani ubangidansa zuwa Chana tun zamanin da ba wayar da za ta fassara maka magana, sai dai nuni da hannu da girgiza kai. Ubangidan ya koma gida shi ya zauna. Ba shi da shago, ba shi da kamfani, idonsa ne jarinsa. Hajiyoyin Kano da na Maradi su kira shi su ce muna son dogayen riguna kaza, hijabai kaza, shi kuma ya shiga kasuwa ya zaɓo musu.

Kuma yana da yadda yake yi, wanda ba mai yi kamarsa. Bai yarda da fitilar shago ba, ya ce fitilar Shahe maƙaryaciya ce. Sai ya ɗauki rigar ya fito har bakin ƙofa, mai shago na binsa yana ihu, ya ɗaga ta sama inda rana take, ya sa tafin hannunsa a baya ya ware yatsu. In ya hango yatsun ta cikin yadin shi ke nan, shara-shara ce, ya ce "meyo", wato babu, ya mayar musu abinsu. In bai ga hannun ba sai ya ce "loban, kawo", loban ɗin shi ne maigida da yarensu. Har ta kai 'yan Chana in sun hango shi tafe sai su ɗaga hannu su ware yatsu suna dariya, gaisuwarsu ke nan da shi. Shi ya sa ake ce masa Mai Ido. Matar aure za ta sa rigar da ya zaɓa ta tsaya tsakiyar rana hankalinta kwance, ta san ba mai ganin inuwar ƙafarta.

To sai idon ya fara wasa.

A hankali ya fara. Ya ce gari ne ya yi dishi-dishi, kun san lokacin nan da Guangzhou ke jiƙewa, bango na gumi, madubi na gumi, wanki ya ƙi bushewa. Lokacin ya wuce, kowa na gani garau, shi yana nan yana goge tabarau da bakin riga. Ya sayi wani tabaran, ya sake sayen wani. Ya sa aka kawo masa kwalli daga Madina. Ya ɗiga zuma har ido ya yi ja. Rana in ta haska sai ya runtse kamar an watsa masa barkono. Wata rana abokinsa Isufu, mutumin Maradi mai sayen takalma a kasuwar Zhanxi Lu, ya kama shi yana cewa "nihau loban", wato sannu maigida, ga gunkin nan da ake rataya wa riga a bakin shago.

"Alhaji, wanga ba ya amsawa, ya fi ka girman kai," in ji Isufu.

"Kai tafi can, wasa nake."

Ba wasa yake ba. Amma wa zai gaya wa? Mai Ido ya buɗe baki ya ce ba ya gani, to me ya rage?

Ana cikin haka Hajiya Zalika ta kira daga Kano. Babbar mai sayen kayansa ce, sun daɗe tare, ba ta ma buɗe dila in ta ji shi ya zaɓa. Matan wata Islamiyya ne za su yi walimar sauka, suna son anko, doguwar riga ruwan toka. Alhaji ya je wani shago a Shahe, loban ya fito da kala biyu, mai kauri da mara kauri. Alhaji ya ɗauki mara kaurin ya fita bakin ƙofa, ya ɗaga, ya ware yatsu. Bai ga komai ba. Ya ce kawo. Kuma wallahi a faɗi gaskiya, loban ɗin nan sai da ya riƙe hannunsa yana nuna masa ɗayar, yana cewa wannan ce mai kyau, wannan ce. Alhaji ya fizge hannu. Shi za a koya wa yadi?

Kaya suka tafi. Aka yi walima a filin makaranta da rana tsaka. Mata suka miƙe za a ɗauki hoto, rana na bayansu. Ba sai an ƙarasa muku ba. Wasu da mayafi suka naɗe ƙugu, wasu suka koma aji suka ƙi fitowa har aka tashi.

Hajiya Zalika ta turo saƙon murya, ba shi kaɗai ta tura wa ba, har cikin gurup ɗin 'yan kasuwa ya shiga. Tana kuka tana cewa Alhasan ya ci amanarta, ya haɗa baki da ɗan Chana an ba shi na goro ya tura mata leda a matsayin yadi, mutumin da yake gane shara-shara daga nesa ba zai ce kuskure ya yi ba. Daga nan ta toshe lambarsa.

Kun ga inda abin ya tsaya ko? Idon da ya yi masa suna shi ne ya zama shaida a kansa. Kowa cewa yake ai Mai Ido ba ya kuskure, to da gangan ne. Magana ɗaya ce za ta wanke shi, ya ce ban gani ba, ita ce kuma ya rantse ba za ta fito daga bakinsa ba. Sai ya zauna yana cin rai, yana faɗa da kowa, faɗa da mai tasi, faɗa da mai gadin bene, har da tukunyar shinkafa.

Yanzu ga maganar jatan lande.

Yana da 'ya, Najiba, ita ce babbarsa. Ya kawo ta ta yi karatu a wata jami'a a nan garin yana zaton likita za ta zama, sai ta ɓige da karatun halittun teku. Har yau bai huce ba, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce kiwon kifi take karanta. A makaranta take kwana, sai ƙarshen mako take zuwa ta yi masa miyar kuka ta share ɗaki. Tana da wasu 'yan jatan lande na ruwan teku da take kiwo a ɗan akwatin gilashi, ƙanana, kuma jikinsu garai-garai kamar ruwa, in ba ka ƙura ido ba sai ka rantse akwatin ba komai. Da aka yi hutu ta taho da su gidan Baba ta ajiye a bayan ƙofa.

Ranar wata Asabar da safe ta ce bari ta wanke musu akwati. Ta kwashe su da ruwansu ta zuba a jug ɗin roba na kicin, ta shiga banɗaki tana wanki. Isufu ya zo karin kumallo da burodinsa a hannu. Alhaji ya tashi zai dafa shayi, don shi ba ya yarda wani ya dafa masa. Ya ga jug cike da ruwa a kan tebur. Ya ɗaga ya duba, ruwa ne tas. Ya juye a buta, ya kunna, ya watsa ganye da citta da kanumfari.

Isufu ne ya fara kurɓa. Ya tsaya. Ya kalli kofi ya kalli Alhaji.

"Alhaji, mi ka sa ciki?"

"Me na sa kuwa, shayi ne."

"Bon, ni dai tunda nike ban taɓa shan shayi da gishiri da ƙarni ba. Ko sabon salon Kanawa ne?"

Alhaji ya kurɓa ya tofar. Ya ce sukarin 'yan Chana ne, ya daɗe yana zarginsa. Sai ga Najiba ta fito da akwati a hannu tana ɗiga ruwa, ta kalli tebur, ta kalli jug.

"Baba ina ruwan da ke cikin nan?"

"Na dafa shayi da shi. Ke kuma ki dinga rufe abu."

Ta saki wata ƙara ta ruga ta buɗe buta. Ga su nan suna yawo a saman shayi tare da citta, sun lanƙwashe, sun yi fari fat da ɗan ja-ja a baya. Ta kwaso su a cokali. Isufu ya ajiye kofinsa can nesa yana salati.

Alhaji ya matso da fuska dab da cokalin. "Wannan kuma daga ina? Wallahi babu su a jug ɗin nan. Farare haka ai da na gani."

"Da ba farare ba ne Baba! Kai ka mayar da su farare!"

Ta zauna a ƙasa tana share hawaye, haushi ya ishe ta, kuma ita in haushi ya kama ta sai bayani ya ɓalle mata kamar famfo. Ta ce su a teku ba su da bango ba su da rami, ba inda za su ɓuya wa manyan kifaye, shi ne Allah ya yi su haske na ratsa su ya wuce, mai neman cinsu ya duba ya ga ruwa kawai.

"To huji ne a jikinsu," in ji Alhaji. "Kamar yadi. Duk yadin da haske ya ratsa, saƙarsa ce ta yi faɗi."

"Ba huji Baba. Ta cikin naman yake bi."

"Nama? Haske ya bi ta cikin nama? Najiba karatun nan naki."

"Baba ka san Shahe da sassafe kafin a buɗe, in ka tsaya a bakin layi kana hango ƙarshensa, ka miƙe ka wuce ba abin da ya taɓa ka? To haka jikinsu yake wa haske. Kusan duk ruwa ne, ba launi, jininsu ma ba ja ba ne, kuma zaren naman siriri ne ƙwarai, a jere yake tsaf, ba wani ƙulli ba wani gibi. Haske ya shiga ta nan ya fita ta can. Amma Shahe da rana fa, an jibge diloli a hanya, masu kura ta ko'ina? Ka bugi wannan ka koma, ka bugi wancan ka juya. In zafi ya taɓa naman haka yake yi, ya cure ya dunƙule, haske ya shiga ya rasa hanya ya tarwatse ya dawo maka. Shi ne kake gani fari. Ko wahala suka sha da yawa ko sun kusa mutuwa sai ka ga sun fara yin farin."

Isufu ya ce, "Kamar ƙwai ke nan. Ɗanye kana hango kasko ta cikinsa, in ya soyu ya rufe."

"Yauwa Kawu Isufu. Abu biyu ne kawai ba sa iya ɓoyewa, abincin da ke cikinsu da idonsu, don ido dole ya kama haske, shi ya sa za ka ga ɗigo biyu baƙaƙe suna yawo a ruwa su kaɗai."

 Ta ɗago ta kalli babanta yana tsaye ya bai wa taga baya saboda rana. Ta daɗe tana son faɗin maganar nan tana tsoro.

"Baba, mu ma muna da irin naman nan. Guda ɗaya, ɗan ƙarami, a cikin ƙwayar ido. Garai yake kamar su. In shekaru suka ja sai ya fara curewa ya yi fari. Shi ake ce wa yana."

Kai jama'a, ku zo ku ga faɗa. Ya ce shi za ta haɗa da jatan lande? Ya ce ya kawo ta Chana ta zo tana ce masa dafaffen ƙwaro. Ya ce idon nan shi ya yi mata kuɗin makaranta, idon nan 'yan Chana ke ɗaga wa hannu. Isufu na cewa Alhaji yi haƙuri, yana cewa kai ma fita min, ɗan Maradi mai shan shayin bati.

 Najiba ta tashi ta cire ɗan gyalen da ke kafaɗarta, irin marar nauyin nan da ake yafawa a cikin gida, wanda ko yaro ya san ana gani ta cikinsa. Ta je taga ta ɗaga shi sama. Ta sa tafin hannunta a baya ta ware yatsu, daidai yadda yake yi.

"Baba duba min wannan, saya zan yi."

Da ya yi shiru ma da ya fi. Amma sana'a ta riga ta shiga jini. Ya juyo, ya runtse ido, ya karkata kai.

"Wannan ai mai kauri ne. Ɗauki."

Isufu da ke zaune a can ƙarshen ɗaki yana ganin har zoben da ke yatsanta. Ya sunkuyar da kai.  Alhaji ya kalli inda Isufu yake, ya ji shiru, ya miƙa hannu ya taɓa gyalen, yatsunsa suka gaya masa abin da ido ya ƙi gaya masa. Ya zauna a bakin gado a hankali.

"Haka na yi wa rigunan Hajiya," ya ce. Shi ke nan abin da ya ce.

Za ku ce daga nan komai ya gyaru ko? Ina! Mutumin nan taurin kai gare shi kamar me. Ya ce kar wanda ya ji. Najiba ta ce Baba ana ce maka macuci fa. Ya ce a ce. Isufu ya ce Alhaji lokotoro a asibiti na cire abin nan su sa wani, gyatumata an yi mata a Maradi tana zare allura yanzu. Ya ce ba mai sa masa wuƙa a ido. Haka aka yi ta ja, Najiba ta yi fushi ta koma makaranta hutu bai ƙare ba.

Abin da ya karya shi ranar Juma'a ne. An idar da salla a Masallacin Huaisheng, an fito titin Guangta ana gaisawa kamar yadda aka saba, 'yan Kano nan, 'yan Nijar can. Da, in Alhaji ya fito sai an yi layi ana ba shi hannu. Ranar ya miƙa wa wani mutum hannu, mutumin da shi ya koya masa hanyar Shahe, mutumin ya ba shi kan yatsu ya juya yana ce wa na kusa da shi a dai dinga jin tsoron Allah a kan amanar mata. Alhaji bai ga fuskarsa sosai ba amma ya gane murya.

Ya tsaya cak a tsakiyar mutane. Ya cire tabarau. Ya ɗaga murya har 'yan Chana masu wucewa suka waigo.

"Jama'a ku saurara! Ni Alhasan ban ci kwabon kowa ba. Idona ne ya yi yana. Na ɗaga rigar ban ga hannuna ba, na zaci kauri ne, ashe ni ne ba na gani. Mai shagon ma ya hana ni na ƙi ji. Ku daina ce min Mai Ido in kun ga dama, amma kar wanda ya sake ce min macuci."

Wasu suka ce Allah sarki, wasu suka ce Allah ya ba da lafiya, wasu kuwa har da cewa dabara ce. Kun ji fa. Mutum ya tsaya gaban masallaci ya kashe sana'arsa da bakinsa, a ce dabara ce.

Najiba ta kai shi asibiti, likita ya haska ya ce yana ce, ido biyun, za a cire a sa na roba garai-garai. Alhaji ya ce ta tambaye shi robar mai lamba ɗaya ce ko mai lamba biyu, don ya san halin kayan garin nan. Ya ce a ba shi ya ɗaga a rana tukuna. An sa ranar aikin ya ɗage ta, an sake sawa ya ce sai ya yi istihara. Yanzu dai ya yarda, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya sa ake wannan rubutun. Ya ce ba zai kwanta a yanka masa ido ba sai Hajiya Zalika ta ji gaskiya, don in wani abu ya faru ba ya so ya tafi tana riƙe da shi a macuci. Ya yi mata saƙon murya ya fi a ƙirga, ba ya shiga. An kira ta da wata lamba, tana jin sunansa ta kashe. An aika mata mutum shago ta ce kar a sake kawo mata zancen. Idon kuwa ba jira yake ba, kullum ƙara rufewa yake, jiya da hannu ya lalubo ƙofar bene.

Shi da kansa ya ce a rubuta, a sa har da shayin, ba abin da zai ɓoye kuma.

To don Allah don Annabi duk wanda ya karanta ya tura gaba, ku sa a gurup ɗin Kwari, ku tura wa matan Islamiyyar nan, ku tura wa duk wanda ya san Hajiya Zalika mai dogayen riguna ko 'yarta ko direbanta. Ba a ce ta dawo da ciniki ba. Ta buɗe lambar kawai ta ce Alhasan na ji, mutumin nan ya je a gyara masa ido.